Mai Tona Asiri: Shaida Ne Ko Maci Amana?

Babu wata hukuma a bayan ƙasa, ta Musulmi ce ko ta waninsa, wadda ba a ɗora mata nauyin tsare rayukan talakawanta ba, kuma duk wanda ya taɓa ganin abin da bam yake yi wa kasuwa ko masallaci ba zai yi jayayya ba cewa wajibi ne a sami masu sa ido da masu bin sawun miyagu tun kafin su aikata ɓarna. Mas'alar da take da wuya ita ce, idan su masu tsaron nan suka ƙetare haddi a ɓoye, inda idon alƙali bai kai ba, kunnen talaka kuma bai ji ba, ta wace hanya jama'a za su sani, kuma wace irin sakayya ta dace da wanda ya fito daga cikinsu ya faɗa? Ƙasar da wannan al'amari ya fi fitowa fili a cikinta a zamaninmu ita ce Amurka, domin a can an yi abin, an tona shi, an kai shi gaban alƙalai, har an rubuta hukunci.

Bayan harin ranar 11 ga Satumba 2001, wanda ya halaka mutum kusan 3,000, tsoro da fushi suka rufe ƙasar, har ya zamana cikin kwana 45 kawai Shugaba George Bush ya sa hannu a kan dokar da aka kira Patriot, wadda ta faɗaɗa ikon hukumomin tsaro ƙwarai da gaske. A Majalisar Dattawa mutum 98 suka yarda da ita, mutum ɗaya tak, Sanata Russ Feingold na jihar Wisconsin, ya ƙi. A ƙarƙashin sashe na 215 na dokar nan ne hukumar leƙen asiri ta NSA ta riƙa karɓar bayanan wayoyin jama'a daga kamfanonin tarho, na mai laifi da na marar laifi baki ɗaya: lambar da ta kira, da lambar da aka kira, da lokacin kiran, da tsawonsa. Masu kare shirin sun ce ai ba a saurari maganar kowa ba. Amma wanda ya san cewa wata baiwar Allah ta kira likitan mata da safe, ta kira mahaifiyarta da rana, sa'an nan ta kira lauya da maraice, alhali ba ta kira mijinta ko sau ɗaya ba, to ya riga ya shiga cikin ɗakinta, ko da bai ji kalma ɗaya daga bakinta ba.

A watan Maris 2013 Sanata Ron Wyden ya tambayi James Clapper, shugaban hukumomin leƙen asirin ƙasar, a zaman majalisa na bainar jama'a, ko NSA tana tattara wani bayani a kan miliyoyin Amurkawa, shi kuwa ya amsa da cewa a'a, ba da gangan ba. Bayan wata uku sai wani saurayi ɗan shekara 29 mai suna Edward Snowden, wanda yake yi wa hukumar aikin kwangila, ya miƙa wa 'yan jarida takardun da suka nuna akasin haka. A Janairun 2014 wani kwamitin gwamnati mai lura da haƙƙin 'yan ƙasa ya bincika shirin, ya ce bai sami ko misali ɗaya ba inda tattara bayanan nan ya canja sakamakon wani binciken ta'addanci a kan barazana ga ƙasar. A Mayun 2015 wata kotun ɗaukaka ƙara a New York ta hukunta cewa sashe na 215 bai taɓa halatta aikin ba, wata ɗaya bayan haka majalisa ta yi sabuwar doka ta hana shi, a 2020 kuma wata kotun ɗaukaka ƙarar ta sake tabbatar da cewa shirin ya saɓa wa doka. Duk da haka, wanda ya ba majalisa amsar da ba gaskiya ba bai taɓa tsayawa gaban alƙali ba, wanda ya bayyana gaskiyar kuwa yana zaune a Rasha, tuhuma tana jiransa a gida.

Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da shimfiɗa ƙa'idar da za a auna irin wannan da ita, cewa larura tana halatta abin da aka hana, amma sun haɗa ta da 'yar'uwarta wadda masu mulki suka fi saurin mantawa, cewa larura ana auna ta ne da gwargwadonta. Tajassusi, wato bin diddigin asirin mutane, haramun ne da nassin Suratul Hujurat, kuma idan an yi rangwame a kansa saboda tsare rai, to rangwamen yana tsayawa ne a kan wanda aka sami alamar tuhuma a kansa, da izinin alƙali, zuwa wani wa'adi sananne. Unguwar da ta ɗauki mai gadi saboda ɓarayi ta ba shi ikon tsayawa a bakin layi ya tambayi baƙon dare, amma ranar da ya fara leƙa tagogin gidaje yana rubuta wanda ya kwana da wanda bai kwana ba, ya zama ɗaya daga cikin abubuwan da ake neman tsari da su, ko da kuwa niyyarsa kyakkyawa ce. Illar ikon da ake gudanarwa a asirce ita ce ba ya sanin iyakar kansa, domin mai riƙe da shi shi ne mai da'awa, shi ne shaida, shi ne kuma alƙali, sa'an nan ya hatimce shari'ar da tambarin sirri.

Ba na cewa duk wanda ya kwashi takardun gwamnati ya watsa ya zama waliyyi. Sirrin hukuma amana ce, kuma wanda ya fallasa inda mayaƙa za su bi gobe, ko sunan wanda ya shiga cikin 'yan ta'adda yana kawo labari, jinin da ya zuba yana wuyansa. Shi kansa Snowden ya ɗebi takardu masu yawa da ba su shafi leƙen asirin 'yan ƙasarsa ba, kuma zamansa a ƙarƙashin inuwar gwamnatin Rasha, wadda ta ba shi takardar zama ɗan ƙasa a 2022, abu ne da ya raunana hujjarsa a idon mutane da dama. Sai dai masu cewa me ya hana shi kai kuka ta hanyar cikin gida, ya kamata su dubi abin da ya sami waɗanda suka riga shi bin hanyar. Thomas Drake, babban jami'i a NSA, ya kai ƙorafinsa ga masu binciken cikin gida da kwamitocin majalisa kafin ya yi magana da wata 'yar jarida, amma aka tuhume shi a 2010 da laifuffukan da za su iya cinye sauran rayuwarsa a kurkuku; shari'ar ta rushe a 2011 bayan aikinsa da dukiyarsa sun salwanta, har ya koma tsaron kanti yana sayar da wayoyi da kwamfutoci.

Ga kuma Joseph Darby, ƙaramin soja a kurkukun Abu Ghraib na Iraƙi, wanda a Janairun 2004 ya ga hotunan wulaƙancin da abokan aikinsa suke yi wa fursunoni, ya sa faifan a ambulan ya miƙa wa masu binciken soja, bai je wa ɗan jarida ba, bai tsallake kowa ba. An yi masa alkawarin sakaya sunansa. Yana zaune a ɗakin cin abinci a Iraƙi, sojoji kewaye da shi, talabijin tana nuna zaman majalisa, sai ya ji Sakataren Tsaro Donald Rumsfeld ya ambaci sunansa a gaban duniya. Daga nan sai da aka fitar da shi daga Iraƙi, aka sa masa masu gadi, garinsu ma bai sake zaunuwa gare shi ba saboda maƙwabta suna kiransa maci amana. Idan wannan ce ladar wanda ya bi ƙa'ida, to hukuma da hannunta take koya wa na baya su bi ta taga.

Akwai wani abu a Sira da ya kamata mu tuna a nan. A shekara ta takwas bayan Hijira, sa'ad da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake shirin tafiya Makka a asirce, Haɗibu ɗan Abu Balta'a ya rubuta wa Ƙuraishawa takarda yana sanar da su, ya ba wata mata, aka tura Sayyadina Ali da wasu sahabbai suka cim mata a hanya, ta ciro takardar daga cikin kitsonta. Laifi ne na gaske, wanda ya fi na mai tona ɓarna nauyi nesa ba kusa ba, tun da abokan gaba aka aika wa, a lokacin yaƙi, don maslahar iyalin mutum ɗaya. Sayyadina Umar ya nemi izinin sare wuyansa, amma Annabi ya fara da tambayarsa abin da ya kai shi ga aikata haka, ya saurari uzurinsa, ya duba abin da ya gabatar a Badar, sa'an nan ya yi hukunci. Dokar leƙen asiri ta 1917, wadda Amurka take gurfanar da masu tona asiri da ita, ba ta buɗe wannan ƙofa ba. Daniel Ellsberg, wanda ya fitar da takardun yaƙin Vietnam a 1971, da lauyansa ya tambaye shi a kotu dalilin da ya sa ya yi, alƙali hana shi amsawa ya yi, da cewa dalilin bai shafi shari'ar ba. Abin da ya cece shi a 1973 shi ne bayyanar cewa mutanen fadar Shugaba Nixon sun fasa ofishin likitansa suna neman abin da za su ɓata shi da shi. Shari'ar da ba ta tambayar niyya ba za ta iya rarrabe tsakanin wanda ya sayar wa maƙiyi da sirri da wanda ya gaya wa jama'arsa gaskiya ba.

Abin da ya fi ba ni takaici a cikin al'amarin nan duka shi ne halin 'yan siyasa da mabiyansu. Wani binciken jin ra'ayin jama'a ya tambayi Amurkawa a 2006, zamanin Bush, game da leƙen asirin NSA: kashi 75 cikin ɗari na 'yan Republican suka ce ya halatta, 'yan Democrat kuwa kashi 37 kaɗai. Da aka yi makamanciyar tambayar a 2013, zamanin Obama, 'yan Republican suka sauko zuwa kashi 52, 'yan Democrat suka hau zuwa 64. Aikin bai canja ba, mai kujera ne ya canja. Obama, wanda ya yabi masu tona ɓarna yana neman mulki, gwamnatinsa ta gurfanar da mutum takwas da dokar 1917 saboda ba 'yan jarida bayanai, alhali uku kacal aka taɓa yi wa haka kafinsa. Donald Trump ya furta ƙaunarsa ga WikiLeaks a 2016 lokacin da fallasarta take cutar da abokiyar takararsa, a 2019 kuma gwamnatinsa ta tuhumi Julian Assange, jagoran WikiLeaks ɗin, da waccan dokar. Wanda yake yabon shaida idan ta kayar da abokin hamayyarsa, ya tsine mata idan ta taɓa nasa, ba gaskiya yake so ba, nasara yake so, kuma wannan shi ne son zuciyar da Suratun Nisa'i ta yi gargaɗi a kansa inda aka umarci muminai su tsayar da shaida ko da a kan kawunansu ne.

Mu ma a nan ba baƙin wannan mas'ala ba ne. A ranar 30 ga Yuli 2009 sojoji suka miƙa Muhammad Yusuf ga 'yan sanda a Maiduguri da ransa, aka kashe shi ba tare da an kai shi gaban alƙali ba, kuma kowa ya ga yadda mabiyansa suka mayar da kisan nan jari wajen jawo matasa cikin fitinar da ta ci dubban rayuka. A 2015 ƙungiyar Amnesty International ta ce fiye da mutum 7,000 sun mutu a tsare a hannun soja tun daga 2011, zargin da rundunar ta musanta, kuma daga cikin abin da ƙungiyar ta dogara da shi har da takardu da bayanan da wasu na cikin rundunar suka fitar a ɓoye. A Disambar 2016 Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya ta fito da shirin kwarmata bayanai, mai ba da ladar kashi 2.5 zuwa 5 cikin ɗari na kuɗin da aka ƙwato, kuma ta hanyar kwarmato ne aka gano dala miliyan 43 a wani gida a Ikoyi a Afrilun 2017. Mun yi wa wanda ya nuna inda aka ɓoye kuɗi tanadi. Ina tanadin wanda ya san inda aka ɓoye ɗan wani shekara da shekaru ba tuhuma ba shari'a?

Ra'ayina shi ne, duk ƙasar da take yaƙi da ta'addanci tana bukatar abu uku, kuma bukatarta gare su tana ƙaruwa ne gwargwadon tsananin yaƙin. Ta sa wa kowace dokar larura wa'adi da alƙali mai ikon cewa a'a. Ta buɗe wa jami'in da ya ga munkari ƙofar kai ƙara wadda za ta sakaya sunansa, ta tsare aikinsa, ta hukunta wanda ya rama a kansa. Idan kuma ƙofar ta toshe har ya fita ya gaya wa duniya, a gurfanar da shi in an ga dama, amma a bar shi ya faɗi dalilinsa, alƙali ya auna maslahar da ya jawo da mafsadar da ya haifar. Mu kuma talakawa, da muke saurin rarrabuwa bisa jam'iyya da yanki, namu nauyin shi ne idan wani ya fito da magana mai ɗaci, mu fara tambayar ko gaskiya ce kafin mu tambayi wa za ta cutar, domin jami'in da ya ga an wulaƙanta mai gaskiya na yau zai haɗiye tasa gobe, kuma mai yiwuwa wadda ya haɗiye ɗin ita ce za ta fitar da ɗanka daga inda aka kulle shi.