Kafin Ka Tambayi Farashi, Tambayi Wa Ya Zana

Duk Bahaushen da ya yi tafiya ya san nauyin tsaraba. Tun kafin jirgi ya sauka jerin sunaye ya fara zagaye a ka: turaren Hajiya, agogon ƙane, alewar yara. Sai a ranar ƙarshe mutum ya tuna da kansa, ya faɗa wani shago a filin jirgi, ya ɗauko giwar katako ko faranti mai sunan garin, ya biya ba tare da ya tambayi komai ba. Na daɗe ina yin haka, har ranar da na ga irin giwar da ke kan teburina, da girmanta da lanƙwasar haurenta, a filin jirgin wata ƙasa daban. Na juya ta ina neman sunan wanda ya sassaƙa, ban ga komai ba sai takardar farashi.

Tun daga lokacin na tsaya a kan wani ra'ayi: matafiyin da yake son ya koma gida da wani abu na garin da ya ziyarta, gara ya ware awa biyu ya shiga gidan nunin zane-zane, ya sayi aiki guda wanda aka san mai shi, a kan ya cika jaka da tarkace goma marasa asali. Dalilina ya wuce batun ƙawa. Magana ce ta inda kuɗin yake zuwa, da wanda ake tunawa bayan an gama ciniki.

A Dar es Salaam ta Tanzaniya na fahimci wannan sosai. A yankin Oyster Bay akwai cibiyar ƙungiyar masu zanen Tingatinga, inda ake zane kuma ake sayarwa a wuri guda. Sunan ya samo asali ne daga Edward Saidi Tingatinga, mutumin kudancin ƙasar da ya fara zane a wajen 1968 ba tare da ya shiga makarantar zane ba. Abin da hannunsa ya kai gare shi da shi ya yi aiki: fentin keke mai sheƙi da allon silin da aka yanka murabba'i. Ya zana dabbobi da tsuntsaye da launi mai ƙarfi, yana sayar wa baƙin Turai mazauna unguwar. Shekara huɗu kacal ya yi yana wannan aiki, domin a 1972 harsashin ɗan sanda ya same shi bisa kuskure. Almajiransa da danginsa suka ci gaba, har suka yi rajistar ƙungiyar haɗin kai a 1990.

Abin da ya fara kama idona a wurin shi ne yawan maimaici. Raƙumin dawa a nan, raƙumin dawa a can, damisa, jakin dawa, Dutsen Kilimanjaro a baya. Mai saurin yanke hukunci zai ce ai wannan ma kasuwar 'yan yawon buɗe ido ce, bambancinta da shagon filin jirgi kaɗan ne. Akwai gaskiya a cikin zargin. Mai zane yana da haya da kuɗin makarantar yara, kuma abin da aka saya jiya shi zai zana gobe. Amma da na rage sauri na fara karanta sa hannun da ke ƙasan kowane allo, sai hannaye suka fara rabuwa. Wani layinsa siriri ne, wani yana cika fili har ba wurin saka allura, wani kuma ya bar dabbobin daji gaba ɗaya ya koma zana kasuwar kifi da cunkoson motocin haya. Wannan na ƙarshe na saya. Na tambayi mai shi abin da ya sa irinsa bai yi yawa ba, ya amsa cewa baƙi sun fi neman dabbobi.

Amsar nan ta nuna mini cewa mai saye yana da hannu a cikin abin da ake zanawa. Idan duk wanda ya zo raƙumin dawa yake nema, gari zai wayi gari da masu zane ɗari da hoto ɗaya. Wanda ya biya kuɗi a kan aikin da ya fita daga sahu ya ba mai zanen dalilin sake gwadawa.

Akwai masu cewa gidajen nuni na kasuwanci tsada gare su, kuma dillanci ne kawai. Gaskiya ne cewa a kasuwar zane ta duniya ba abin mamaki ba ne gidan nuni ya ɗauki kusan rabin kuɗin aiki. Sai dai mu da muka san kasuwar shanu da ta gidaje mun san dillali iri biyu ne. Akwai wanda la'ada kawai yake jira, akwai kuma wanda yake tsaya wa kaya. Gidan nuni na ƙwarai yana biyan haya da wuta, yana ajiye bayanin kowane aiki, yana tallata mai zane ga mutanen da ba zai taɓa haɗuwa da su ba, kuma yana hana farashinsa faɗuwa a ranar da yunwa ta matsa shi. Hanyar gane wanne ka shiga ba ta da wuya. Tambayi sunan mai zanen, da shekarar aikin, da abin da aka yi shi da shi, da ko yana raye kuma a ina yake aiki. Wanda ya amsa cikin sakin fuska ya san kayansa. Wanda ya fara kame-kame yana cewa “aikin gargajiya ne kawai”, ka yi masa sallama.

Sai batun ciniki, wanda yake a jininmu. Ba laifi ba ne a nemi ragi, kuma gidajen nuni da yawa suna yin ɗan sassauci. Amma mutumin da ya biya kuɗin otal da na abinci ba tare da ya ce uffan ba, bai kamata ya zo ya nuna gwanintar taya kaya a kan wanda ya yi mako biyu yana durƙushe gaban allo ba. Ragin da ka ƙwata, sau da yawa daga rabon mai zanen yake fita. Idan kuɗinka bai kai ba, nemi ƙaramin aiki na mutumin, ko zanensa na kan takarda. Ya fi mutunci a kan ka karya farashin babban.

Na san wasu masu karatu za su ce su ba sa rataya hoton abu mai rai a gida saboda addini. Wannan matsayi ne da ake girmamawa, kuma bai rufe ƙofa ba. Gidajen nuni cike suke da ayyukan da babu mutum ko dabba a ciki: zanen launi da siffofi zalla, rubutun Larabci na ƙawa, hoton gine-gine da jiragen ruwa, saƙa, rini, tukwane. Mutanen da suka gaji zanen dagi a bangon soro da aikin allura a wuyan babbar riga ba baƙi ba ne a wannan fage. Abin mamaki ma shi ne yadda falonmu ya cika da firam ɗin roba da injin wata ƙasa ya buga dubu-dubu, alhali masu irin wannan aiki da hannu suna nan da ransu.

Akwai abin da nake roƙon matafiyi ya guje masa ko da an yi masa araha: duk abin da aka ce tsohon tarihi ne. Ko dai jabu ne da aka shafa wa ƙasa da hayaƙi, ko kuma na gaske ne da aka tono ko aka sato. Yarjejeniyar UNESCO ta 1970 an yi ta ne don daƙile wannan fatauci, kuma ƙasashe da yawa sun haramta fitar da irin waɗannan kaya. Mu da aka kwashe mana gumakan yumɓu na Nok zuwa kasuwannin Turai bai dace mu yi wa wasu abin da ya yi mana ciwo ba. Haka nan hauren giwa da ƙoƙon kunkurun teku. Sayi sabon aiki na mai rai, karɓi rasit mai ɗauke da sunansa da shekarar aikin, ka sa a cire kyallen daga katakonsa a naɗe maka a cikin bututu. Rasit ɗin zai yi maka amfani a gaban jami'an kwastan.

Kada kuma a shiga da niyyar jari. An ji labarin zanen “Tutu” na Ben Enwonwu da aka sayar a Landan a 2018 a kan fam miliyan 1.2, amma irin wannan ɗaya ne cikin dubbai. Sayi abin da za ka so ka gani kowace safiya har shekara ashirin.

Abin da suna yake yi kuwa, muna da shaidarsa a aljihunmu. Matar da ke bayan takardar naira 20, Ladi Kwali, ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Michael Cardew a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, a 1954. Mata da yawa a ƙasar Gwari sun gina tukwane masu kyau kafin ita da kuma a zamaninta, amma nata suna ɗauke da hatimin haruffan sunanta, an nuna su a ƙasashen waje da sunanta, shi ya sa har yau ake iya ɗaga tukunya a ce wannan hannunta ne. Sauran sun tafi a matsayin “aikin gargajiya”.

Zanen kasuwar kifin nan yana rataye a ɗakin karatuna. Duk baƙon da ya tsaya a gabansa yakan tambayi inda na samo shi, ni kuwa da sunan mai zanen nake fara ba shi amsa, sannan in faɗi garin. Giwar katakon tana nan a kan tebur, tana danne takardu.