A Riƙa Sallamar Majinyaci da Takarda a Hannu



Duk wanda ya taɓa raka ɗan'uwa sashen gaggawa cikin dare ya san yadda sallama take. Likita zai faɗi abu biyar a tsaye, mai jinya yana gyaɗa kai, alhali hankalinsa na kan kuɗin magani da motar komawa. Kafin a isa Azara ko Tunga an manta uku. Sai ledar ƙwayoyi mai rubutun "bd" da "tds", wanda ko ɗan boko sai ya tambaya.

A ganinmu bai kamata a sallami kowa daga gaggawa ba sai da takarda a hannu: me aka gano, wane magani, sau nawa, kwana nawa, yaushe za a dawo.

Mu ɗauki yaron da ya faɗi a babur ya bugu a kai. Ana iya duba shi a ga lafiya lau, amma jini na taruwa a hankali cikin ƙoƙon kai. Idan ya fara amai a kai a kai, ko barcin da ba a iya tashinsa, ko farfaɗiya, ko ciwon kai mai ƙaruwa, dole a mayar da shi nan take, ba sai gari ya waye ba. In ba a rubuta wa uwarsa wannan ba, cewa za ta yi gajiya ce, a bar shi ya huta. Ga kuma nisan Lafiya, in ta kama sai an kai shi babban asibiti a can.

Haka maganin zazzaɓin cizon sauro: sau biyu a rana, kwana 3. Da jiki ya yi sanyi wasu sai su ajiye sauran.

Ba alfarma muke roƙo ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce a yi wa majinyaci bayani da harshen da yake ji, gwargwadon karatunsa.

Mun san ma'aikatanmu ba su da yawa, kuma suna ƙoƙari. Shi ya sa muke kira ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Nasarawa ta buga takarda mai shafi ɗaya da Hausa, boko da ajami, da Tibi da Alago, wadda nas za ta cike cikin minti biyu. Wanda bai iya karatu ba a karanta masa, a sa ya maimaita, a zana masa rana da wata a kan ledar magani. A ƙasan takardar kuma a sa lambar wayar da za a kira cikin dare a ɗauka.