Ɗan'uwa Mai Zane A Jiki, Kada Ka Ƙona Kanka

 

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan mako wani abu ne da na gani da idona a wurin alwala. Akwai wani matashi da ya soma zuwa karatu tare da mu, mai natsuwa, mai yawan tambaya, amma ba ka taɓa ganinsa sai da riga mai dogon hannu, ko da kuwa ana tsakiyar zafin bazara ne, kuma ba ya alwala sai kowa ya watse. Ran nan na iske shi ya naɗe hannun riga yana ƙoƙarin wanke damtsen da aka ɗaure da bandeji. Da na matsa masa da tambaya sai ya gaya mini gaskiya. A shekarun da ya yi yana neman kuɗi a Legas an zana masa hoton kunama a hannu da allura da tawada, irin zanen da yara ke kira tatu. Da Allah Ya shirye shi, sai wani daga cikinmu ya ce masa ai sallarsa ba ta karɓuwa muddin abin nan yana jikinsa. Shi ko bawan Allah ya koma gida, ya jiƙa auduga da ruwan batir, ya ɗaura a wurin. Yanzu ga gyambo, ga kuma ƙafafun kunamar nan ana ganinsu a gefen ciwon.

Wallahi wanda ya yi masa wannan fatawa ya ɗauki alhaki, ko da niyyarsa kyakkyawa ce.

Ba wai ina sassauta hukuncin yin zanen ba ne. Hadisi ya tabbata a cikin Bukhari da Muslim, ta hanyar Abdullahi ɗan Umar da kuma Abdullahi ɗan Mas'ud (R.A.), cewa an la'anci mai yin jarfa da wadda ta nemi a yi mata, malamai kuma suka ce hukuncin ya haɗa maza da mata. Duk wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ya wuce ta wurin da aka hana wannan aiki. Saboda haka matashin da yake kallon 'yan ƙwallon Turai da mawaƙa a wayarsa, yana jin sha'awar ya zana sunan budurwa ko tambarin kulob a ƙirjinsa, to ya ji tsoron Allah ya bari. Su kansu masu abin nadama suke yi. Binciken da cibiyar Pew ta fitar a Amurka a 2023 ya nuna kashi 32 cikin 100 na manyansu suna da zane a jiki, kuma kashi 24 cikin 100 na masu zanen suna da-na-sani a kan aƙalla ɗaya. Ban da ciwon hanta da ƙanjamau da ake iya ɗauka idan an yi wa mutane da yawa da allura guda.

Amma maganata yau da wanda ya riga ya yi ne, ya kuma tuba. Shi mene ne a kansa?

Sai mun san inda tawadar take kafin mu fahimci fiƙihun abin. Fatar ɗan'adam hawa-hawa ce. Ta sama kullum cikin saɓulewa take tana sabuntuwa, shi ya sa lalle yake gogewa bayan 'yan makonni. Allurar mai zane kuwa takan huda wannan ta sama ne, ta ajiye tawada a fata ta biyu, zurfin kamar milimita 1 zuwa 2. A can ƙwayoyin garkuwar jiki sukan zo su haɗiye ta, amma ɓarɓashin ya yi musu girma, ba sa iya kwashe shi, sai su zauna da shi a wurin shekara da shekaru. Abu biyu ke fita daga nan. Na farko, tawadar tana ƙarƙashin fata ne, ba ta zama shamaki tsakanin ruwa da fata kamar fenti ko jan farce ba, don haka ruwan alwala da na wanka yana isa inda ake so ya isa. Na biyu, babu wani sabulu ko mai da za ka shafa a sama ya kai gare ta, sai dai wanda zai cinye fatar tukuna. Wannan shi ne sirrin mayukan goge zane da ake talla a waya: ko dai ba sa komai, ko kuma asid ne a ciki. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta sha gargaɗin cewa ba ta amince da irin waɗannan mayuka ba.

Abin da malaman da suka yi magana a kai shi ne jinin da ya gauraya da tawadar. Imam Nawawi, wanda ya rasu a shekara ta 676 bayan Hijira, ya kawo a sharhinsa na Sahihu Muslim cewa a wurin Shafi'awa wurin ya zama najasa, kuma idan ana iya gusar da shi da magani to wajibi ne a gusar. Amma ya ƙara da cewa idan ba ya fita sai da rauni, ana kuma tsoron halaka, ko lalacewar gaɓa, ko mummunan tabo a wurin da ake gani, to cirewar ba ta wajaba ba, tuba ta isar. Malamanmu na Malikiyya ma sun fi sauƙaƙawa. Shehu Nafrawi, mai Fawakihud Dawani, sharhin Risala, ya bayyana cewa ba a ɗora wa mai jarfa ya cire ta da wuta ba, tana cikin najasar da aka yi rangwame a kanta, kuma salla da ita ta inganta. Dubi fa, wuta ya ambata. Ashe tun a zamaninsa akwai masu tura mutane su ƙona kansu, malamai kuma suka hana. To ina wanda bai gama Ahlari ba ya samo ƙarfin halin soke sallar bawan Allah? Hadisi na 32 a Arba'una Hadisi, wanda yaranmu na Islamiyya suke haddacewa, hani ne ga cutar da kai da cutar da wani. Wanda kuwa aka yi wa jarfa ko tsaga yana jariri, wannan ba ma abin tattaunawa ba ne, ba shi da laifin komai.

To, idan mutum yana da hali, yana kuma son ya rabu da abin, wace hanya ce ta hankali? A yau hanyar da likitocin fata suka fi dogara da ita ita ce ta hasken leza. Tun a shekarun 1960 wani likitan fata Ba'amurke mai suna Leon Goldman ya gwada leza a kan irin wannan zane, sannan a 1983 Anderson da Parrish suka bayyana ƙa'idar da ake aiki da ita har yanzu: a zaɓi hasken da launin tawadar yake zuƙa fiye da yadda fata ke zuƙarsa, a harba shi cikin lokaci ƙanƙani ƙwarai, wanda bai kai ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa ba. Tawadar sai ta yi zafi nan take ta farfashe ta zama gari, kafin zafin ya bazu ya ƙona naman da ke kewaye. Daga nan ƙwayoyin garkuwar nan da suka kasa ɗaukarta a da sai su riƙa kwashe garin a hankali. Ka ga ke nan na'urar fasawa kawai take yi, sharar kuwa jikin da Allah Ya halitta ne yake yinta. Subhanallah.

Wannan ne dalilin da ya sa abin ba ya yiwuwa a zama ɗaya. Ana barin mako 6 zuwa 8 tsakanin zama da zama, kuma sau da yawa sai an yi zama 6 zuwa 10 ko fiye, wato shekara guda ko biyu ana abu ɗaya. Kowane zama da kuɗinsa, har jimillar ta ninka abin da aka biya mai zanen sau da yawa. Da zafi kuma, kamar a riƙa ɗalle ka da roba, wurin ya yi fari na ɗan lokaci, ya kumbura, wani sa'in ya yi bororo. Baƙar tawada ta fi saurin fita. Rawaya da kore suna da taurin kai, fara kuwa tana iya rikiɗewa ta yi baƙi idan hasken ya taɓa ta. Kuma ba kullum ne zanen yake ɓacewa ƙaƙaf ba, wani sai ya bar inuwa.

Akwai abin da ya shafe mu mu baƙaƙen fata musamman, ina so 'yan'uwa su riƙe shi da kyau. Sinadarin da ya ba fatarmu launi shi ma yana zuƙar hasken leza. Idan aka yi amfani da na'urar da ba ta dace ba, ko aka ƙure ƙarfinta, sai a goge zanen tare da launin fatar, mutum ya tashi da farin tabo mai siffar abin da yake gudu. Likitoci sun fi zaɓar mana irin lezar da ake kira Nd:YAG mai lamba 1064, domin ita ce ta fi tsallake launin fata ta isa ga tawada. Sannan mun fi Turawa saurin yin tabon nan mai tudu, wanda yake ci gaba da girma har ya zarce bakin ciwon, irin wanda kake gani a kunnen wasu bayan huji ko a ƙeya bayan aski. Wanda ya san jikinsa yana yin haka, lallai ya gaya wa likita kafin a taɓa shi, domin mai yiwuwa a ce masa ya haƙura, kuma a irin wannan hali shari'a ma ba ta tilasta shi ba. Kada ka miƙa hannunka ga mai shagon kwalliya don kawai ya sayo na'ura. Ka nemi likitan fata, ka tambaye shi wace irin leza ce, ka nemi a fara gwadawa a ɗan ƙaramin wuri.

Tiyata kuwa ta ƙaramin zane ce: a yanke fatar, a haɗa baki a ɗinke, ka rabu da shi rana ɗaya amma tabon ɗinki ya zauna. Idan babba ne sai an yanko fata daga wani wuri an dasa, ciwo ya zama biyu. Gurzawa da gishiri, da ɗora dutsen guga, da kankarewa da reza, duk waɗannan tabo suke bari mafi muni daga zanen.

Mu kuma da muke kiran kanmu masu da'awa, mu dubi 'yan'uwanmu na Indunusiya. A can ma matasa da yawa sun dawo kan hanya da zane a jikinsu. Hukumar zakka ta Jakarta tun 2019 take shirya cire zane da leza kyauta a watan Ramadan, wasu ƙungiyoyin kuma ladan da suke nema a wurin matashi shi ne ya haddace Suratur Rahman. Mu nan me muka tanadar wa irin wannan yaro ban da harara a sahu da raɗa a bayan idonsa? A cikinmu akwai likitoci da ma'aikatan jinya, akwai kuma masu hannu da shuni. Ina kira gare su da su rubuto wa wannan jarida su faɗi asibitocin da suke da likitan fata da na'urar da ta dace, sannan kwamitocin taimako su duba ko za a ware wani abu don waɗanda ba su da hali.

Shi kuwa ɗan'uwan namu, mun raka shi asibiti an wanke gyambon, likita ya ce babu maganar leza sai ciwon ya warke sarai an ga irin tabon da ya bari. A halin yanzu shafa yake yi a kan bandejin idan ya zo alwala, kamar yadda malam ya koya masa, kuma Juma'ar da ta wuce a sahun gaba ya yi salla.