Kuɗin Makarantar da Ba a Soke Ba

A shekarar 2019 Gwamnatin Jihar Kano ta ƙaddamar da ilmi kyauta kuma dole. Madalla. Amma wanda ya san ƙauyukan Shanono, ko na maƙwabtanta Bagwai da Gwarzo, ya san akwai sauran kuɗin makaranta guda da ba a soke ba, wanda 'ya mace kaɗai ke biya duk wata. Muna nufin tanadin jinin al'ada.

Manomin da ke auna gero da kwano don ya kai damina ba ya da kuɗin audugar mata ta kanti. Saboda haka 'yarsa sai ta yi ƙunzugu da tsohon tsumma, ko kuwa ta zauna gida don gudun abin kunya a aji. In ta rasa kwana uku a wata, cikin watanni tara na karatu ta yi asarar kwana 27. Da haka ake fara baya a jarrabawa, daga nan sai a ce ba ta da ƙoƙari, a cire ta.

Shirun da muke yi ba na addini ba ne. Ahalari da Risala, waɗanda ake karantawa a zaurukanmu, sun yi bayanin haila filla-filla. Nana Asma'u kuwa ta aika da jajis ƙauyuka su koya wa mata addininsu. To, mu me muke ɓoyewa?

Magani yana kusa. Telan gari zai iya ɗinka ƙunzugu mai tsabta da yadin auduga, wanda za a wanke a sake amfani da shi wata da watanni. Sharaɗinsa a wanke shi da sabulu, a shanya a rana ya bushe sarai, domin wanda aka ɓoye ƙarƙashin gado da danshi cuta yake jawowa. Wannan na bukatar malama mai koyarwa, da ruwa, da makewayi mai ƙofa a kowace makaranta.

Ƙasar Kenya ta yi doka a 2017 cewa a ba 'yan makaranta audugar mata kyauta. Muna kira ga Ƙaramar Hukumar Shanono da Ma'aikatar Ilmi su sa wannan cikin kasafinsu. Ku kuma 'yan'uwa ɗalibai mata, in kun koma hutu, ku zauna da ƙannenku ku faɗa musu abin da ba a faɗa muku ba. An ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, amma wannan asarar ta gari ce baki ɗaya.

Allah Ya sa mu gane.