Kwakwa a jere ba daji ba ce: otel-otel da bakin tekun Benin



Mu ƴan Nijar ba mu da teku, amma akwai bakin tekun da muka sani kamar namu. Shekara da shekaru kayanmu a tashar Kwatano suke sauka, direbobinmu na kamiyo sun san hanyar tun daga Gaya da Malanbil har bakin ruwa, kuma bututun man Agadem a Seme ya ƙare, gabas da birnin. Rikicin iyaka da ya biyo bayan 2023 ya rage zirga-zirga, amma hotuna ba su daina shigowa wayoyinmu ba: sabon gudron, fitilu, kwakwa a jere kamar sojoji, ɗakunan hutu masu rufin ciyawa, da wurin wanka mai shuɗin ruwa. Ƙarƙashin kowane hoto sai ka ga an rubuta "ga ci gaba". Mu ma mun yaba, don ƙarya ne a ce abin bai yi kyau ba. Sai dai muna so yau mu yi magana a kan abin da aka cire kafin a ɗauki hoton.

Wurin da ake magana shi ne hanyar da ake kira Route des Pêches, wato hanyar masunta, wadda ta tashi daga unguwar Fidjrossè ta Kwatano ta bi Togbin da Avlékété har zuwa Wida, tafiyar kilomita 40 ko kusa da haka. Duk bakin tekun Benin bai wuce kusan kilomita 125 ba, kun ga ke nan ba ƙaramin kaso ba ne. Wanda bai taɓa zuwa ba ya ɗauka a ransa wani siririn tudun rairayi ne mai tsawo: kudu da shi teku mai haukan igiya, arewa da shi tabki mai ruwan zartsi, rabi gishiri rabi daɗi. A wasu wurare, daga teku zuwa tabkin tafiyar ƴan mintoci ce a ƙasa. A kan wannan siririn tudu ne gwamnatin Patrice Talon, wadda ta hau a 2016, ta ɗora babban ɓangare na shirinta na jawo ƴan yawon buɗe ido. An sanar da ƙauyen hutu na Club Med a Avlékété, da wani babban rukunin gine-gine da ake kira Marina a Djègbadji, daf da Ƙofar Tafiya Ba Dawowa da aka gina a 1995 don tuna bayin da aka loda a jiragen ruwa daga Wida. Bayan manyan kuma ga ƙanana: masu kuɗɗi suna sayen parsel, suna kewayewa, suna tayar da masauki da gidajen cin abinci.

To me ke tsiro a wurin tun asali?

Ta gefen teku, inda igiya ke tsayawa, akwai wata ciyawa mai yaɗo, ƴar uwar duman kada ce da muka sani a bakin tabkunanmu, ganye mai kauri, fure ja-ja. Tare da ita akwai wasu gajerun ciyayi masu jure gishiri. Ba wanda ya shuka su, ba wanda ke ba su ruwa, kuma ba mai ɗaukar su hoto. Aikinsu ɗaya ne: saiwarsu ta ɗinke rairayi, ganyensu ya tare wanda iska ta ɗebo, tudu ya riƙa tasowa a hankali. Duk wanda ya ga yadda ake daddatse tudun rairayi a yankin Gure da Maine ya san wannan lissafi. Rairayin da ba abin da ya riƙe shi matafiyi ne.

Ta gefen tabki kuma akwai dajin da ake kira mangurof, itacen da a lakwal aka koya mana da sunan palétuvier. Wani irinsa saiwarsa daga sama take saukowa ta kafe cikin taɓo kamar ƙafafun gizo-gizo, wani kuma saiwar tasa ce ke hudo taɓo ta miƙe kamar tsinke don ta sha iska. A cikin wannan sarƙaƙiya kifi ke yin ƙwai, ƴaƴansa su girma inda manya ba su iya shiga su cinye su. Nan ne gidan ƙaguwa da jatan lande da kawa. Idan ruwan tabki ya cika lokacin damina, dajin ne ke rage masa ƙarfi kafin ya shiga gidaje. Saboda darajar wannan yanki aka sa shi cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar tun 2000.

Shi mai gina masauki, waɗannan duka datti ne a idonsa. Baƙon da ya biya kuɗin ɗaki so yake ya buɗe taga ya ga teku ba abin da ya tare, ya taka rairayi mai laushi ba ƙaya ba yaɗo. Don haka ake kankare ciyawar, a baje tudun da buldoza, kowace safiya ma'aikaci ya bi da manjagara ya share duk abin da ya yi ƙoƙarin tsirowa. Ta bayan gida kuma taɓon mangurof yana da wari, yana da sauro, sai a cike shi da ƙasa a samu wurin ajiye motoci. In an gama sai a kawo ciyawar ado, da furannin waje, da kwakwa.

Kwakwar nan ita ce ke ruɗin ido. Mutum in ya ga kore sai ya ce ai an dasa itace, an gyara muhalli. Amma kwakwa baƙuwa ce a wannan gaɓa, daga can yankin tekun Indiya da Pasifik ta fito, kuma manyan gonakinta a bakin tekun Benin aikin hannun mutane ne. Ba mu raina ta ba, tana ciyar da iyalai, tana ba da inuwa da mai da tabarma. Sai dai tsayuwarta ɗaya-ɗaya ba ta rufe ƙasa, kifi ba ya ƙwai a gindinta, kuma duk wanda ya je Grand-Popo ya ga yadda igiya ke rarake gindinta ta kwantar da ita. A sare dajin da ke aiki goma a dasa itacen da ke aiki biyu, sannan a ƙirga yawan shuka a ce an yi riba, wannan lissafin dokin rano ne.

Kuma ba itace kaɗai aka tayar ba. A watan Disamba 2023 ƙungiyar Amnesty ta fitar da rahoto cewa tun daga 2021 an tashi aƙalla mutum 6,000 daga wurare huɗu na bakin tekun: Djègbadji, Avlékété, Xwlacodji da Fiyégnon. A Fiyégnon dalilin ma shi ne za a dasa kwakwa. Wasu an biya su diyya, da yawa sun ce abin da aka ba su bai kai ba. Masunta ne yawancinsu, waɗanda ke jan koma daga teku da igiya, ƙauye guda a kan layi guda suna waƙa. Ikon Allah, wannan jan koma da kwale-kwale masu zane su ne ainihin abin kallon da ake tallata wa baƙi. An sayar da hoton, an tashi mutanen cikin hoton.

Mu faɗi gaskiya a kan ɗaya ɓangaren. Ba otel ne ya fara cin mangurof ba. Matan Djègbadji sana'arsu gishiri: su kankaro ƙasa mai gishiri, su tace da ruwa, su dafa ruwan har ya ƙafe, kusan yadda ake yi a Dallol Foga can wajen Gaya. Dahuwar tana cin itace, kuma shekaru da yawa itacen mangurof take ci. Masu banda kifi ma haka. Shi ya sa a 2016 gwamnati ta hana sare mangurof da kwakwa, ƙungiyoyi suka shiga dashe, wasu ƙauyuka ma suka sa dodonsu na gargajiya, Zangbeto, ya tsare dajin yadda ba mai kusantarsa da gatari. Hanin ya yi amfani. Amma akwai bambanci tsakanin gatari da kankare. Inda mace ta sare reshe, in aka bar wurin ya huta, ruwa yana shiga yana fita, ƴaƴan itacen za su sake kamawa. Inda aka cike taɓo aka zuba siminti, ko aka ratsa hanya ta toshe mashigar ruwa, magana ta ƙare. Dokar da ta iya riƙe hannun mai dafa gishiri, ya kamata ta iya riƙe hannun mai buldoza, in ba haka ba ta zama dokar talaka.

Abin da ya sa lamarin ya fi ƙarfin ado shi ne wannan gaɓa dama a kan siraɗi take. Ruwan teku a nan yana jan rairayi daga yamma zuwa gabas, dare da rana. Da can koguna ne ke cike gurbin abin da ya tafi. Madatsar Akosombo ta Ghana a kan kogin Volta, da ta Nangbeto a kan kogin Mono a 1987, sun tare rairayin da ke saukowa. Tashoshin jiragen ruwa na Lome da Kwatano kuma sun tsaya a hanya kamar katanga: yamma da su rairayi ya taru, gabas da su teku ya ci ƙasa. Ku tambayi mutanen Akpakpa gidaje nawa suka tafi kafin a jera duwatsu. Tsohon garin Grand-Popo ma wani yankinsa yana ƙarƙashin ruwa. Har sai da Benin ta hana ɗibar rairayin bakin teku don gini a 2008, kuma a Avlékété ɗin kanta sai da aka shimfiɗa katangar duwatsu a ƙarƙashin ruwa don karya ƙarfin igiya. A irin wannan wuri, ciyawar da ke riƙe tudu kyauta ita ce mafi arhar kariya, ita kuma ake fara cirewa.

Gani ga wane ya ishi wane. A Saly ta ƙasar Senegal an jera otel-otel daf da ruwa tun shekarun 1980. Da tafiya ta yi nisa teku ya lashe rairayin gabansu, igiya ta riƙa dukan katanga, baƙi suka ja baya, ma'aikata suka rasa aiki. Sai da aka ciwo kuɗin Bankin Duniya aka zuba duwatsu, aka sake jibgo rairayi. Wato bashin ƙasa ne ya sayo abin da a da Allah ya ba su ba ko dala.

Akwai kuma ɓarnar da ba ta fitowa a hoto ko kaɗan. Ruwan daɗin da ke ƙarƙashin irin wannan tudu ɗan kaɗan ne, yana kwance bisa ruwan gishiri. Ciyawar ado da wurin wanka da ɗaruruwan banɗakuna suna sha da yawa, in aka zuƙe fiye da kima gishiri ya hauro, rijiyar ƙauye ce ke fara ɓaci. Sannan kififiyar teku, wadda ke fitowa da dare ta haƙa rami a rairayi ta zuba ƙwai. Ƴaƴanta in sun ƙyanƙyashe hasken da ke bisa ruwa suke bi su shiga teku. In fitilar otel ta fi haske sai su juya baya su nufi gudron.

Wani zai ce mu da ba mu da teku me ya kai mu, kuma ƙasar mutane ce, su ma suna neman aikin yi ga matasansu. Haka ne, kuma ba mu ce kar a gina ba. Amma cikin masu kwana a waɗannan ɗakuna akwai mu, cikin masu sayen parsel a bakin ruwa akwai alhazanmu, kuma salon ba baƙo ba ne a wurinmu. Dajin da aka kewaye Yamai da shi tun 1965, bedi da turare, mun ga yadda aka yanka shi parsel bayan parsel, kowa na cewa nasa ɗan kaɗan ne.

Ita Benin tana da abin aiki a hannu. Dokar ƙasarta ta ce mita 100 daga inda igiya mafi tsawo ke tsayawa mallakar kowa da kowa ce, kuma a 2018 ta yi doka ta musamman don kare bakin teku. In aka bi wannan, masauki zai koma bayan tudu, a yi ƴar gada ta katako baƙo ya bi ta kan ciyawa ya sauka bakin ruwa, a bar wa masunta wurin jan koma, a kashe fitilun da ke kallon teku lokacin ƙwan kififiya. Can wajen Bouche du Roy, inda kogin Mono ke shiga teku, akwai ƙauyukan da ke ɗaukar baƙi a kwale-kwale su zagaya da su cikin mangurof su karɓi kuɗinsu, itacen na tsaye. Ɗan kasuwarmu da aka yi wa tayin parsel a Togbin ko Avlékété, kafin ya tambayi kuɗin mita, ya sa a auna masa tazarar wurin da ruwa, ya kuma tambayi tsofaffin masunta inda igiya take tsayawa shekara 20 da suka wuce.