Kart son da kaske: lissafin da matasan mawaƙa ke tsallakewa kafin su kafa studiyo a ɗaki

A shekarar 2008, sai da Mdou Moctar, makaɗin gita ɗan jihar Tahoua, ya tsallaka iyaka zuwa Sakkwato kafin ya naɗi kundin waƙoƙinsa na farko mai suna Anar. Waƙoƙin ba su bi ta kanti ba. Daga salula zuwa salula suka yi ta yawo, ta Bluetooth da katin memori, har ɗaya daga cikinsu ta shiga wani tarin waƙoƙin wayoyin Sahara da kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya fitar a 2011. Yau matashin da ke son yin irin wannan aiki ba ya bukatar shiga mota. Kwamfuta, mikro, kaske na kunne da wani ɗan akwati da ake kira kart son sun isa a naɗi waƙa, wa'azi ko shirin tattaunawa a cikin ɗakin kwana, a Maradi ko Damagaram.

Sai dai kayan ba su da arha ga aljihun ɗan Nijar. Jan akwatin nan da ake gani a kusan kowane bidiyon koyarwa na YouTube, wato Scarlett Solo na kamfanin Focusrite, samfurinsa na huɗu ya fito a 2023 a kan dalar Amurka 140, kimanin jika 80 na sefa ke nan tun kafin a yi maganar sufuri da duwan. Albashi mafi ƙanƙanta a Nijar jika 42 ne a wata. Shi ya sa sau da yawa ba mawaƙin ne ke biya ba. Wa ne da ke aikin gini a Aljeriya, ko ɗan'uwa a Abijan ko Faransa, ke turo kuɗin ta Nita, Amana ko Al Izza, ko kuma ya sayo kayan ya ba wani mai dawowa gida. Idan aka yi kuskuren saye, guminsa na wata ɗaya ko biyu ne ya tafi, kuma da wuya a sake tambayarsa.

Hanyar da kayan ke bi ta ƙara wa lamarin nauyi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, CEDEAO ta rufe iyakoki. An ɗage takunkumin a ranar 24 ga Fabrairun 2024, amma hukumomin Yamai suka ci gaba da rufe nasu ɓangaren na gadar Gaya da Malanville, abin da ya karkatar da kaya masu yawa daga tashar ruwan Kwatano zuwa ta Lome, su ratsa Burkina Faso cikin ayarin manyan motoci da rakiyar soja. Hanya ta ƙara tsawo, kuɗin dako ya hau, ga harajin TVA na kashi 19 cikin ɗari. Matasan Maradi da Damagaram suna da wata ƙofar, wato Kano, kuma faɗuwar naira tun daga Yunin 2023 ta sa mai riƙe da sefa jin kansa da ƙarfi a kasuwar Sabon Gari. Amma ribar ba ta kai yadda ake zato ba. Kart son ba gero ba ne. Da dalar Amurka ɗan kasuwar Kano ya sayo shi, kuma farashinsa na naira yana bin dalar sau da ƙafa.

A irin wannan yanayi, shawarar da ta dace da wanda ke zaune a Paris, inda ake mayar da kaya cikin mako biyu idan ba su yi ba, ba lalle ta dace da wanda ke unguwar Birni a Damagaram ba. Focusrite yana ba da garanti na shekara uku. Wa zai ɗauki akwatin daga Tahoua ya mayar da shi Turai?

Akwatin ba shi ne mai rauni ba

Aikin kart son bai da yawa. Yana ƙara wa ɗan sautin da mikro ke fitarwa ƙarfi, ya mayar da shi lambobin da kwamfuta ke ganewa, sannan ya dawo da sauti zuwa kunnen mai waƙa. Yana kuma ba mikro irin na kondansa wutar bolt 48 da ba ya aiki sai da ita. A yau hatta masu arha suna yin wannan aiki da tsabta fiye da abin da ɗakin da za a yi naɗin zai iya bayarwa. Wannan shi ne abin da tallace-tallace ba sa faɗa. Bambancin sauti tsakanin akwatin jika 45 da na jika 130 ƙanƙane ne ƙwarai idan aka gwada shi da bambancin ɗaki mai amsa kuwwa da wanda ba ya yi.

Akwai dai abubuwan da suka cancanci a duba a jikin kwali. Na farko yawan ƙofofin mikro. Scarlett Solo ƙofar mikro ɗaya gare shi, sai ta gita ɗaya. Ya ishi mai rap da ke hawa kan kiɗan da aka riga aka haɗa, ya ishi makaɗin gita. Amma duk wanda zai zaunar da baƙo su yi hira, ko zai ɗauki murya da gurmi ko kalangu a lokaci guda, ƙofa biyu yake bukata, kuma Behringer UMC202HD mai ƙofa biyu ya fi Solo arha a kasuwannin Turai. Matasa da dama na ganin wannan ne bayan sun riga sun saya.

Na biyu zurfin naɗi. Ƙaramin Behringer UMC22, ɗaya daga masu arha cikin sanannun, yana naɗi ne da bit 16, kuma ba shi da manhajar kansa ta tafiyar da sauti a Windows, sai an jingina da ASIO4ALL. Yana aiki, amma mai shi zai sha fama da jinkirin sauti a FL Studio. Mai bit 24 yana ba da sarari: ana iya rage ƙarfin mikro don kada murya ta fashe idan mawaƙi ya ɗaga ta, daga baya a ƙara ba tare da shuuu ta fito ba. Ita kuwa lambar 192 kHz da ake bugawa da manyan haruffa, ba ta da wani amfani ga waƙar da za ta ƙare a WhatsApp a saurare ta da lasifikar Tecno ko Itel. 44.1 ko 48 sun wadatar, kuma ba sa cika kwamfuta. Na uku, maɓallin sauraro kai tsaye, wanda ke sa mawaƙi ya ji muryarsa ba tare da ta zagaya ta cikin kwamfuta ta dawo a makare ba.

Wani abin da ya cika kasuwa shi ne ƙananan akwatuna masu fitilu kala-kala da ake kira V8, waɗanda ake sayarwa haɗe da mikro BM-800. Don shirin kai tsaye a TikTok aka yi su, da maɓallan tafi da dariya da amsa kuwwa, kuma a nan suna biyan bukata. Wanda ya saye su don ya naɗi waƙar da za a kai gidan rediyo ya yi asarar kuɗinsa.

Wuta, zafi da ƙura

Inda Nijar ta sha bamban da bidiyon YouTube shi ne wutar lantarki. Kafin 2023, kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar da NIGELEC ke rabawa daga Najeriya take zuwa, kuma mazauna birane sun ga abin da hakan ke nufi lokacin da aka katse layin a watan Agustan wannan shekara. An maido da ita, tashar hasken rana ta Gorou Banda ta fara aiki, amma ɗauke wuta a watannin Afrilu da Mayu bai zama tarihi ba. Saboda haka kart son da ke shan wutarsa daga kebul ɗin USB ya fi wanda sai an jona shi a bango daraja a nan, ko da na bangon ya fi shi suna. Wuta ta tafi, batirin kwamfuta na riƙe da komai, aiki bai tsaya ba.

Akwai ma wata fa'ida. Gidaje da yawa ba a ja musu wayar ƙasa ba, kuma cajar kwamfuta, musamman ta jabu, kan shigar da wani gurnani cikin naɗi. Mutum sai ya zargi kart son, ya fara neman kuɗin wani. Kafin haka, ya zare cajar ya yi naɗin da batir. Sau da yawa gurnanin ɓacewa yake yi nan take. Haka abin yake da wutar janareto da ƙananan na'urorin juya wutar sola masu arha.

Zafi kuma na da nasa hukunci. Ba a naɗi da fanka a kunne, kuma ɗakin da aka rufe ƙofa da taga a zafin da ya haura digiri 40 ba wurin daɗewa ba ne, ga mutum da kwamfutar duka. Dole aiki ya koma dare ko bayan asuba. Ƙurar hunturu tana shiga maɓallan murɗawa har su fara ƙarar-ƙarar. Ƙyalle mai tsabta da za a riƙa rufe akwatin da shi ya fi garantin da ba za a iya nema ba.

Shi ɗakin kansa, bangon siminti da tayil da rufin kwano su ne manyan abokan gaban murya. Ɗakin laka mai rufin azara ya fi su nesa ba kusa ba, abin da zai ba wasu ƴan birni mamaki. Katifa a jingine bayan mawaƙi, darduma a ƙasa, bargo mai kauri a taga, sun fi kwalayen ƙwai da ake mannawa a bango, waɗanda kusan ado ne kawai. Kuma a unguwar da kabu-kabu da adaidaita ke wucewa, akuya na kuka a tsakar gida, mikro kondansa mai jin motsin komai yakan zama matsala. Irin Shure SM58, wanda ake ƙerawa tun 1966 kuma ba ya bukatar bolt 48, ana waƙa ne baki dab da shi, don haka murya ke rinjayar hayaniyar waje. Matsalarsa ɗaya: yana cikin mikron da aka fi kwaikwaya a duniya, kuma sabo fil a rabin farashi kusan kullum jabu ne.

Kaske

A nan ne ake yawan tsuke hannu, alhali ga wanda ba shi da lasifikokin studiyo, kaske shi ne kunnensa gaba ɗaya. Na naɗi dole ya zama rufaffe ta baya, don kada kiɗan da mawaƙi ke ji ya tsiyaya ya koma cikin mikro. Buɗaɗɗe ko rabin buɗaɗɗe kamar AKG K240 yana da daɗin haɗa sauti, amma ba shi ne sayen farko ba. Na Bluetooth ba ya cikin lissafi, saboda sautinsa a makare yake isowa. Na sauraron waƙa a titi kuma an ƙara musu kauri da gangan. Wanda ya haɗa sauti da su zai rage kaurin da bai kamata ya rage ba, waƙar ta fito siririya a ko'ina.

Lambar da ta fi muhimmanci ita ce ta om. Beyerdynamic DT 770 Pro, alal misali, yana zuwa iri uku: om 32, 80 da 250. Ɗan'uwa a Turai na iya ganin 250 ya ɗauka shi ne babba, ya sayo. Ƙaramin kart son mai shan wuta daga USB ba zai iya tura shi yadda ya kamata ba, sauti ya fito ƙasa-ƙasa ko an murɗa har ƙarshe. Daga 32 zuwa 80 ne daidai. Audio-Technica ATH-M20x mai om 47 yana cikin masu arha da za a iya dogara da su, Sony MDR-7506 mai om 63 kuma tun 1991 gidajen rediyo ke aiki da shi. ATH-M40x ya ɗara M20x tsada, amma wayarsa ana cire ta a sauya, kuma waya ita ce ke fara mutuwa. Sai fatar kunnen, wadda gumi da zafi ke sa ta ɓarɓashi da wuri. Mai sayowa daga waje ya haɗo da fata biyu na canji, domin samun su a Tahoua ko Maradi sai an dace.

Idan kuɗin da ke hannu jika 150 ne, saka 130 a jan akwati a ƙarasa da kaske na tasha rabo ne marar kyau. Akwati mai matsakaicin farashi, kaske na gaske, mikro da ya dace da unguwa, kebul mai kyau da sandar mikro sun fi fitar da waƙa.

Masu saye daga ƙetare na da nasu abin lura. Kart son na USB bai damu da ƙasar da aka saye shi ba, amma lasifikokin studiyo da aka saya a Amurka na iya zama na bolt 110 kaɗai, Nijar kuwa 220 ce, kuma jonawa ɗaya ta isa ta ƙone su. Na hannu da ake samu da sauƙi a Turai ba laifi, sai dai manhajojin kyauta da ke zuwa da akwatin galibi suna ɗaure ne da rajistar mai shi na farko. Idan ƙanen ba shi da kwamfuta, da salula zai yi aiki a BandLab, a tabbatar wayar tana karɓar kebul ɗin OTG, kuma tana iya ba akwatin isasshiyar wuta. Da yawa ba sa iyawa sai an haɗa da mahaɗin USB mai nasa caji. Kuma kafin kaya su shiga jakar mai tafiya, a buɗe kwalin a can, a jona, a gwada kowace ƙofa da maɓallin bolt 48, tun ana cikin kwanakin da kanti zai karɓi kayansa.