Ba Kowace Cuta Ce Aikin Iska Ba

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Ni kam na ga gaskiyar wannan magana a gidanmu.

Ina aji ɗaya, yayata mai shekara 24 ta wayi gari idonta na hagu yana gani dishi-dishi. Bayan mako uku ya washe. Da shekara ta zagayo sai ƙafafunta suka riƙa sagewa, tana tafiya tana tangaɗi. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce sammu. Baba ya sayar da tumakinsa ya kai wa boka, amma shiru. Sai bayan shekara biyu Kawu ya kai ta asibitin koyarwa.

A can aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarta da na'urar MRI, aka kuma ɗebi ruwan ƙashin bayanta aka auna. Likita ya ce ciwon da ake kira maltiful sikilerosis ne, watau MS. Ya ce kowace jijiya tana da riga, kamar robar da ke jikin wayar lantarki. A wannan ciwo garkuwar jikin mutum ce take cinye rigar, sai saƙon ƙwaƙwalwa ya kasa isa ido ko ƙafa. Wani likitan Faransa, Sharko, ya bayyana ciwon tun 1868. Ya fi kama mata, musamman tsakanin shekara 20 zuwa 40, kuma ba a ɗaukarsa daga wani.

Har yanzu babu maganin da ke warkar da shi ɗungurungum. Amma akwai allurar da ke kwantar da shi idan ya tashi, da magungunan da ke rage yawan tashinsa, da kuma motsa jiki. Yanzu Yaya tana tafiya da sanda. Likita ya ce da an zo da wuri, mai yiwuwa ɓarnar ba ta kai haka ba.

Na san wani zai ce asibiti akwai tsada. Gaskiya ne. To, amma kuɗin tumakin Baba fa, me suka saya mana? Addu'a da asibiti ba kishiyoyi ba ne. Saboda haka ina roƙon iyayenmu, idan ganin mutum ya dushe ko gaɓarsa ta sage, a fara da likita. Mu kuma ɗalibai, idan mun je hutu mu faɗakar da mutanen gida cikin ladabi.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.